Zazzaɓin da Na Yi Ina Ɗan Shekara Uku Shi Ya Kai Ni Ga Tiyatar Zuciya

Ni tela ne a Kasuwar Barci, nan cikin Kaduna, kuma ina da shekara 28 aka tsaga ƙashin ƙirjina aka yi wa jinin da ke ciyar da zuciyata sababbin hanyoyi guda biyu. Ba ni da hawan jini, ba ni da ciwon suga, ban taɓa sa sigari a bakina ba, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da jiki. Saboda haka duk ma'aikacin lafiyar da na fara kai wa kukana, da ya dubi shekaruna ya dubi jikina sai ya cire zuciya daga lissafi. Ban ga laifinsu ba. Toshewar jijiyar zuciya an fi saninta da dattawa 'yan shekara 60 da 70.

A filin ƙwallo abin ya fara nuna kansa. Mukan buga da yamma a wani fili a Tudun Wada, kuma ni a gefe nake bugawa, wurin da gudu ya fi yawa. Sai ya zama in na kwasa da gudu ƙirjina ya ɗaure tamau, nauyin ya haura zuwa muƙamuƙi da kafaɗar hagu, in na tsaya na dafa gwiwa na ɗan lokaci ya sake ni. Mai kemis na layinmu ya ce olsa ce, ya ba ni farin maganin nan mai kauri. Na sha kwalba bayan kwalba. Daga baya ko benen shago na hau da bandir ɗin shadda a kafaɗa sai na tsaya a tsakiya na huta. Ranar da zufa mai sanyi ta keto min ina zaune a kan keke ba na komai, har idona ya rufe, Yaya ya rufe shagonsa ya ɗauke ni sai asibiti.

Gwajin bugun zuciya na ECG ya nuna alamar cewa wani sashe na ƙasan zuciyar ya taɓa rasa jini, ni kuwa ban san ranar ba. A hoton ƙirji kuma likita ya ga wani farin zobe a inuwar zuciya, ya ce taurin kalsiyam ne a bangon jijiya. Suka tura ni wurin likitan zuciya, ya shafa min man nan mai sanyi a ƙirji ya ɗora na'urar eko mai nuna hoton zuciya, ya daɗe yana kallon wuri ɗaya. Da ya gama ya yi min tambayoyin da suka sa na ji kunya a gaban Yaya: ko ina shan ƙwaya, ko ina shaƙar wani abu. Ya sa aka auna kitsen jinina da sauran abubuwa, duk suka fito lafiya. Sannan ya ce, "Mahaifiyarka tana da rai?" Na ce tana nan. Ya ce, "To ka zo min da ita, ita nake son yi wa tambaya."

Umma ba ta san dalilin kiran ba, ta dai sako hijabinta ta biyo mu. Likitan ya gaishe ta da kyau, ya ce, "Mama, ko akwai wani zazzaɓi mai tsanani da ya yi yana ƙarami, wanda ya daɗe bai sauka ba?" Ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ta ce akwai, ina ɗan shekara uku, da sanyin hunturu. Jiki ya ɗauki zafi ya ƙi sauka kusan mako biyu, an yi allurar zazzaɓin cizon sauro an sake, an ba da maganin taifot, shiru. Likita ya ce idanu fa? Ta ce jajawur, amma ba kwantsa, abin da ya ba ta mamaki ke nan. Leɓe ya tsattsage har yana jini, harshe ya yi ja da gudaji-gudaji a kai, kaluluwa ta fito a gefe ɗaya na wuya, ƙuraje suka feso a jiki, hannu da ƙafa suka kumbura na ƙi taka ƙasa. Ga rigima, ta ce ba ta taɓa goyon yaron da ya yi kuka irin na kwanakin nan ba. Kakata ta ce baƙon dauro ne, a rufe ni a ɗaki kada iska ta taɓa ni, duk da an yi min allurar rigakafin ƙyanda kuma ba tari ba mura. Likita ya ce, "Bayan zazzaɓin ya sauka, fatar yatsunsa ta saɓe?" Umma ta dube shi ta ce, "Likita, wa ya faɗa maka? Daga bakin farce ta fara ɓarewa, hannu da ƙafa." Ta ce daga nan na warware sarai, aka yi sadakar waina, aka manta.

Abin da Umma ta lissafa, likita ya ce, shi ne kusan dukkan alamomin cutar Kawasaki. Ya ce bayan shekara 25 babu gwajin jinin da zai tabbatar, amma labarinta da abin da ya gani a hoto sun yi daidai da juna ƙwarai. Wani likitan yara ne ɗan Japan, Tomisaku Kawasaki, ya fara ganin cutar a Tokyo a 1961, ya wallafa bayanin yara 50 masu ita a 1967. Kumburi ne da ke kama jijiyoyin jini, an fi ganinsa a yara 'yan ƙasa da shekara 5, maza sun ɗan fi mata, ba a ɗauka daga wani, kuma har yau masana ba su gano abin da ke tayar da shi ba. Zazzaɓin yana wucewa da kansa, shi ne ma abin da ke yaudarar mutane. Amma a cikin yaran da ba a yi wa magani ba, kusan ɗaya cikin huɗu jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini sukan yi rauni su buɗe su yi kumburi. Maganin kuwa sananne ne tun tsakiyar shekarun 1980: wani ruwan garkuwar jiki da ake tacewa daga jinin mutane, likitoci na ce masa IVIG, a ɗaura wa yaro a cikin kwana 10 na farkon zazzaɓin, a haɗa da asfirin. Da wannan, haɗarin yakan sauko zuwa wajen kashi 4 ko 5 cikin 100.

Umma ta yi shiru a mota har muka iso gida, da dare na ji tana kuka. Na shiga na ce mata babu abin da za ta iya yi a wancan lokacin, kuma ba lallashi kawai nake yi ba. Ko yau ɗin nan IVIG tsada gare shi, ba kuma kowane asibiti ke ajiye shi ba, balle a ƙarshen shekarun 1990. A garin da duk zafin jiki sauro ne, duk ƙurji ƙyanda ce, sai likitan da ya riga ya sa cutar a ransa zai gane ta. Ni dai a ganina, tunawar da ta yi ita ce gwaji mafi amfani da aka yi min, kuma kyauta.

Mataki na gaba anjiyogiram, wanda aka tura ni Abuja na yi. Ido biyu ake yinsa. Aka kashe min wuyan hannu da allura, aka zura wata siririyar roba ta jijiya har zuwa bakin zuciya, aka fesa ruwan da ke fitowa a hoto. Ɗumi na ji ya ratsa ni, ban ji zafi ba. Daga baya suka nuna mana a kwamfuta. Jijiyar zuciyar babban mutum yawanci faɗinta milimita 3 zuwa 4 ne. Idan kumburin ya kai milimita 8 likitoci na sa shi a jerin manya, waɗanda ba kasafai suke komawa daidai ba. Nawa, a jijiyar hagu da ke saukowa ta gaban zuciya, ya zarce haka, kuma daidai mafitarsa hanyar ta tsuke saura ƙiris. Jijiyar dama kuwa ta toshe gaba ɗaya tun tuni, wasu ƙananan rassa ne jiki ya tsiro da su suna ɗan zagayawa da jini. Ita ce ta bar tabon da ECG ya gani.

Na tambaya yadda kumburi ke komawa toshewa, don hankalina bai ɗauka ba: abin da ya buɗe ai sai ya fi wucewa da jini. Ashe a cikin kumburin jini ba ya tafiya kai tsaye, juyawa yake a hankali, jinin da ya yi jinkiri kuwa daskarewa yake. Sannan bangon da ya ji ciwo yana warkewa ne ta hanyar yin kauri zuwa ciki, musamman a mashiga da mafita, shekara da shekaru, kalsiyam kuma yana taruwa a kai har ya ƙandare. Ba kitse ba ne irin na dattawa, tabo ne na tsohon ciwo.

Wannan taurin shi ya rufe min hanya mai sauƙi. Na so a sa min ƙaramar ragar ƙarfen nan da ake kira sitent, a buɗe wurin a sallame ni ba yanka. Suka ce jijiyar da ta ƙandare ba ta yarda balan-balan ya buɗa ta yadda ake so, ragar kuma ba ta zama daram a gefen wuri mai faɗi irin wannan. Akwai wata na'ura mai kan lu'ulu'u da ke juyawa tana niƙe taurin, ana amfani da ita ga wasu masu irin ciwona, amma da yake jijiyoyi biyu ne suka lalace, ɗaya ma ita ke tallafe da ɗayar, shawararsu ta tsaya a kan tiyata. Da na dawo Kaduna na kai wa likitana sakamakon, ya yi min bayanin da ya zauna min. Ya ce, "Ka ga titin Nnamdi Azikiwe da aka yi don manyan motoci su zagaye gari? Ba a rushe Ahmadu Bello Way ba, tana nan da cunkosonta. To haka za a yi maka. Kumburin yana nan inda yake, jini ne za a canza wa hanya." Wannan maganar ita na fi so duk mai irin ciwona ya ji tun kafin ya hau gado, don mutane da yawa, har da dangina, sun ɗauka za a yanke ciwon ne a jefar.

Akwai kuma zancen da wace jijiya za a yi hanyar. Ga dattawa an saba ciro jijiya daga ƙafa. Wani likitan tiyata ɗan Japan, Soichiro Kitamura, shi ya fara bayar da rahoton irin wannan aiki ga yaro mai cutar Kawasaki a 1976, da jijiyar ƙafa. Da shekaru suka tafi aka lura jijiyar ƙafa tana saurin lalacewa, musamman a jikin ƙananan yara, sai shi da abokan aikinsa suka koma ga wata jijiya da ke kwance ta cikin ƙirji a gefen ƙashi. Ita tana daɗewa a buɗe, kuma in yaro ne tana girma tare da shi. Ni na riga na gama girma, amma mai shekara 28 yana buƙatar abin da zai kai shi shekaru masu yawa in Allah ya ba da rai. Wani abin da ban zata ba shi ne, wai yin aikin da wuri ma matsala ne. Idan tsohuwar hanya ba ta tsuke sosai ba, jini zai ci gaba da binta, sabuwar ta rasa aiki ta shanye. Don haka akwai masu kumburi irin nawa da ake bari a kan magani ana sa musu ido shekara da shekaru. Nawa dai lokacinsa ya yi.

Aka yi zaman gida a ɗakin Kawu a Unguwar Sanusi. Rabin dangi suka ce Indiya, don kowa ya san wani da ya je ya dawo lafiya. Yaya ya ce a tsaya a gida. Tiyatar buɗe zuciya ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, tun 1974 aka fara yinta a asibitin koyarwa na Enugu, kuma yanzu akwai asibitoci a Abuja da Legas da ke yi. Abin da ya yanke maganar lissafi ne: kuɗin jirgi na mutum biyu, biza, masauki, canjin dala, sannan in wani abu ya taso bayan an dawo, wa za a kira? Na tambayi likitan da zai yi aikin kai tsaye ko sun saba da hanyar jijiyar ƙirji, da yadda suke yi in jini ya ƙi tsayawa, ya amsa ba ɓoye-ɓoye, har ya faɗa min cewa masu ciwona ba su da yawa a cikin waɗanda suke yi wa aiki. Wannan gaskiyar ta fi kwantar min da hankali a kan alkawari. Muka tsaya a Abuja.

Kuɗi miliyoyi ne, ni kuma ba ni da inshorar lafiya. Na sayar da filina na Rigasa, maiɗakina ta kawo ɗan kunnenta da sarƙa ba tare da na tambaya ba, aka ba ni kwasar adashi tun layi bai zo kaina ba, 'yan'uwa teloli suka yi karo-karo ta WhatsApp, liman ya yi sanarwa bayan sallar isha'i. Ragowar Kawu ya ranta min. Abokan ƙwallo kuma suka bi mu har Abuja suka ba da jini.

Kafin ranar, an dakatar da wafarin, maganin hana daskarewar jini da aka ɗora ni a kai, na 'yan kwanaki, aka maye shi da allurar hefarin mai irin aikinsa. Aka duba haƙorana, aka auna ƙoda da huhu. Hanya ta biyu, ta jijiyar dama, suka ce daga gwiwar hannun hagu zuwa wuyan hannu za su ciro ta. Nan hantar cikina ta kaɗa fiye da zancen tsaga ƙirji. Na ce, "Likita, da hannun nan nake tura yadi a ƙarƙashin allura, shi ne abincina." Ya sa na dunƙule hannu, ya danne jijiyoyi biyu na wuyan hannun har tafin ya yi fari, ya saki ɗaya, nan take jini ya dawo. Ya ce wadda za ta rage ta isa ta ciyar da hannun. Daren ƙarshe na rubuta basussukan da ake bina da waɗanda nake bi, da kayan mutane da ke shago da sunan mai kowanne, na ba Yaya. Na yafe wa kowa na nemi yafiya. Aka aske min ƙirji, na yi wanka da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, na sa hannu a takarda.

Na aikin kansa ba abin da na sani sai abin da aka faɗa min. Na tuna fitilu, da sanyin ɗakin, da mai ba da maganin barci yana cewa in ja numfashi, ina karanta Hasbunallahu. An shiga da ni da safe, aka fito bayan azahar. A tsakanin nan sun raba ƙashin ƙirji biyu, suka ɓanɓaro jijiyar ƙirjin hagu suka bar samanta a maƙale inda take samun jini, suka haɗa ni da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, suka tsayar da zuciyar da wani ruwa mai sanyi mai sinadarin fotasiyam. Sannan suka nemi wuri mai laushi a gaban taurin suka ɗinka. Da na samu sauƙi sai da na tambayi irin zaren, sana'a ba ta ɓuya. Ya fi gashin kai siranta, da tabarau mai ƙara girma ake ganinsa, kuma duk ɗinkin hannu ne a bakin da bai wuce milimita biyu ba. Na ce masa ni na sallama. Aka saki jini zuciya ta tashi, aka ɗaure ƙashin da wayoyin ƙarfe waɗanda za su zauna a jikina har ƙarshen rayuwa.

Farkawa ita ce wuya. Na buɗe ido a ɗakin kulawa ta musamman da roba a maƙogwaro, ba halin magana, ga ƙishirwa, ga ƙarar na'urori ta ko'ina. An riga an gaya min haka za ta faru, kuma sanin ya taimaka, don da ban sani ba da na fizge ta. Wata nas ta riƙe hannuna tana cewa, "Sannu Malam, an gama, kada ka yi faɗa da injin." Da aka cire robar aka jiƙa min leɓe da auduga. Akwai wasu robobin a ƙasan ƙirji masu fitar da jini da ruwa, ranar da aka zare su na ji abin da ba zan so wa maƙiyi ba, amma na daƙiƙa kaɗan ne.

Abin da ya ba ni mamaki, washegari suka ce in tashi zaune, kafin in ankara sun sa ni takawa. Na ɗauka mugunta ce. Ashe kwanciya ce ke tara majina a huhu ta kawo ciwon haƙarƙari, ta kuma daskarar da jini a ƙafa. Suka ba ni wata 'yar roba mai ƙwallaye uku, in zuƙi iska su tashi, kowace awa. Da farko ɗaya ma da ƙyar take motsi. Tari kuwa dole ne, sai dai ka rungume matashi a ƙirji ka yi. Atishawa ita ce babbar abokiyar gaba. Sallolin da suka wuce ni ina cikin maye na rama su a kwance, Yaya ya samo min ɗan dutse na taimama, ina nuni da kai.

Da aka sallame ni muka zaɓi jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, saboda kowane rami a kan titi ƙirjina ne zai biya. Ɗan guntun tafiyar daga tasha zuwa gida ta fi duk sauran wahala.

Ƙashin ƙirji yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, wani lokaci har wata uku kafin ya yi ƙwari sosai. A tsawon nan ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 5, ba tuƙi, ba hawa babur, ba dogara hannu a tashi daga tabarma, barci kuma rigingine. 'Yata ƙarama ta miƙo hannu in ɗauke ta, sai dai a ɗora min ita a cinya. A kujera na riƙa salla, sujada da nuni, sai da likita ya ba da izini na kai goshi ƙasa. Aka ce in na ji ƙashin yana ƙas-ƙas, ko ciwon ya yi ja yana ruwa, ko zazzaɓi ya zo, in koma asibiti a ranar. Sai 'yan dubiya. Allah ya saka musu, amma ɗaki ya cika maƙil, wannan na tari wancan na son ganin ɗinki, kowa da kwanon farfesu da sunan wani magani da ya warkar da wani. Maiɗakina ce ta zama mai gadi, tana tsayar da mutane a tsakar gida tana cewa, "Ya samu barci, zan faɗa masa kun zo." Wasu sun ji haushi. Akwai kuma wani baƙin ciki da ya riƙa sauko min ba dalili a makonnin farko, in zauna in ji hawaye. Na ɓoye, sai da likita da kansa ya tambaya, ya ce ana yawan ganin haka bayan aikin zuciya kuma yakan wuce. Ya wuce ɗin, da na fara fita tattaki bayan asuba, daga ƙofar gida zuwa masallaci, daga baya har bakin titi.

Tunda kumburin yana nan, magani ma yana nan. Ina shan ƙaramin asfirin kullum, da wafarin, da maganin kitse, da wani mai rage gudun zuciya. Wafarin ɗin shi ne mai sharaɗi. Ana auna jini a ga lambar da ake kira INR, tawa ana so ta zauna tsakanin 2 da 3: in ta yi ƙasa jini na iya daskarewa a cikin kumburin, in ta yi sama dasashi ya fara jini ko fitsari ya canza launi. Ganye yana rage masa ƙarfi saboda bitamin K, mu kuwa abincinmu ke nan, zogale, alayyahu, rama, miyar kuka. Ba a hana ni ba, cewa aka yi in riƙa ci daidai gwargwado, kada wannan mako kwaɗon zogale kullum, mako mai zuwa babu. Abin da aka hana shi ne ƙaho, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak da muke saye a kemis kamar gyaɗa. Ko haƙori za a cire min sai na faɗa tukuna. Azumin shekarar farko likita ya ce in ajiye, na rama daga baya. Na bana na yi shi da izininsa, ina shan wafarin bayan buɗa-baki, ina cika ciki da ruwa kafin asuba.

Ƙwallo ta gasa an rufe min babinta, saboda karo ɗaya a ka ga mai shan wafarin ba wasa ba ne. Tattaki da keke kuwa har umarni aka ba ni. Na tambaya game da 'yata, aka ce 'ya'yan wanda ya taɓa yin cutar sun ɗan fi sauran yara haɗari, amma ba abin firgita ba ne. Abin lura shi ne zazzaɓin da ya kai kwana 5 bai sauka ba, da jan ido marar kwantsa, da tsagewar leɓe: a kai wa likitan yara, a ambaci sunan cutar da baki, kuma kada a ba yaro asfirin da ka sai likita ya ce.

Na koma shago da kaɗan-kaɗan, na fara da yanka da sa maɓalli, yara na hawa keke. Yanzu ina ɗinki sosai, bandir ne kawai na bar wa almajiraina su hau da shi bene. Hannun hagu yana aiki lafiya, sai ɗan wuri a gindin babban yatsa da har yanzu ba na jin taɓi sosai, in na riƙe yadi mai santsi sai na duba da ido. Bashin Kawu na biya rabinsa. Bayan babbar salla zan koma a ɗora ni a kan injin gudu a sake yin eko, kuma likita ya ce nan gaba za a yi sikanin CT a duba ko hanyoyin biyu suna nan a buɗe.